Kafin giyar hannu ta ƙare, ku zo mu yi maganar motocin araha

Akwai abin da ya daɗe yana ci min rai game da mu masu cewa muna son mota. Zaka zauna da mutum ya kwashe awa guda yana zayyano maka Bugatti Chiron, ƙarfin injinta doki 1,500, silinda 16, turbo huɗu, ya haddace komai kamar zai shiga jarabawa, amma ka miƙa masa makullin wata 'yar ƙaramar mota mai giyar hannu kace ɗan juya min ita, nan take ido zai raina fata, mota tayi tsalle biyu ta mutu. Ba dariya nake masa ba fa, nima nayi wannan zamanin, lokacin da duk ilimina na mota a cikin waya yake. Kawai dai ina ganin an juya mana kai ne, an sa mun ɗauka son mota shine kallon abin da har abada ba zamu hau ba, alhali ga motocin da suka fi koya wa mutum tuƙi nan birjik, tsofaffi, fenti duk ya koɗe, wasu ma kuɗinsu bai kai na tayoyin waccan Bugattin ba.

Na san wasu zasu ce talauci ne ke magana, to naji, amma ni a wajena motar da tafi daɗin tuƙi ita ce wadda zaka iya ƙure ta ba tare da ita ta ƙure ka ba. Ka ɗauki mota mai doki 600 ka hau titi, kafin ka gama da giya ta biyu ka riga ka wuce duk wata ƙa'idar gudu, sauran ƙarfin nan da aka zuba kuɗi aka saya yana nan kwance baka taɓa shi ba, kai dai kana ta lallaɓa totur da tsinin ƙafa kamar mai tsoron taka ƙaya. Amma mai doki 110 wadda nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ka take ta har ƙasa, ka ja giya ta ɗaya, ka ja ta biyu, ka jefa ta uku, inji na ihu zuciyarka na bugawa kana jin duk duniya babu direba kamarka, ka kalli mita kaga ashe ko 100 baka kai ba. Kai ka more, babu wanda ka tsorata, babu wanda ya tare ka.

Ranar da na fara gane wannan a cikin Mazda MX-5 ne, ta farkon nan mai fitilun da suke buɗe ido idan ka kunna. Ta wani abokina ce, ja ce amma rana ta cinye jan har ya koma wani iri. Da na shiga abin da ya fara bani mamaki shine yadda na zauna ƙasa sosai, kamar in miƙa hannu in taɓa kwalta, kafaɗata na gogar ƙofa, sandar giyar kuma 'yar guntuwa ce, ba sai ka motsa hannu gaba ɗaya ba, da wuyan hannu kawai kake sauyawa, ƙit, ƙit. Na fara tafiya a hankali ina lallaɓa ta saboda motar mutane ce, sai yace min "kai malam daina jin tausayinta, ja ta juyin inji ya kai 7,000 a minti, haka take so". Da muka zo wani shataletale babu kowa na shiga da ɗan gudu, wallahi abin da naji a ranar ban taɓa jinsa a wata mota ba, sitiyarin yana gaya min abin da tayoyin gaba suke takawa, kujerar kuma tana gaya min bayan motar ya fara sauƙi yana neman zamewa, tun kafin ya zame na riga na sani. Sau uku na zagaya shataletalen nan kamar wani yaro, shi kuma yana ta dariya. Da muka tsaya ya sa hannu ɗaya daga inda yake zaune ya ɓalle rufin ya tura shi baya, babu maɓalli babu wata na'ura da zata lalace.

Kuma ba dace aka yi ba, da gangan aka ƙera ta haka. Wani ɗan jaridar motoci ne Ba'amurke, Bob Hall, ya ba Kenichi Yamamoto na Mazda shawarar a ƙarshen shekarun 1970, cewa a dawo da irin ƙananan motocin Ingila masu buɗaɗɗen sama irinsu Lotus Elan, waɗanda kowa ke so amma suna yawan kwana a gareji. Japanawa suka ɗauki abin da ke da daɗi suka zubar da ciwon kan. Aka nuna ta a Chicago a 1989, inji lita 1.6, doki wajen 115, injin a gaba, tayoyin baya ke turawa, nauyi a rabe kusan daidai tsakanin gaba da baya. Taken da injiniyoyin suka yi aiki da shi da Japananci shine jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa hawan doki mai jin linzami ya san abin da ake nufi, kafin ka gama niyya ya riga ya juya. A 2016 suka cika guda miliyan ɗaya, shi yasa har yanzu ake samunta kuma kayan gyaranta basa wahala. Aibinta tsatsa ce, musamman ƙasan ƙofofi dab da tayar baya, sai kuma in kai dogo ne sosai, to sai dai haƙuri.

To amma kujera biyu ce, mai iyali zai ce ina zan sa yara. Anan Golf GTI ta shigo. Labarinta ma abin dariya ne, wasu ma'aikatan Volkswagen ne suka riƙa haɗa ta a ɓoye bayan an tashi aiki, da manyan kamfanin suka amince sai suka ce a ƙera 5,000 kawai a gani. Ta fito a 1976 da doki 110 da nauyin kilo 810, kafin a gama da samfurin farko an sayar da sama da 460,000. Kujerun nan masu zanen dara da kan giya mai kama da ƙwallon golf, wata mata ce mai suna Gunhild Liljequist ta kawo su, har yau kamfanin ya kasa rabuwa da zanen. Ta farkon yanzu ta fi ƙarfin aljihun irinmu, masu tara tsofaffin motoci sun gama da ita. Ta uku da ta huɗu kuma ni dai a ganina sun yi ƙiba sun yi sanyi, sunan ne kawai. Wadda zan ce mutum ya nema ita ce ta biyar, ta 2004, lita 2.0 mai turbo, doki 200, zaka kai yara makaranta da safe cikin natsuwa ka dawo ta doguwar hanya kai kaɗai kana murmushi. In zaka saya ka nemi mai giyar hannu, ba don DSG ɗin, wato giyarta mai sauya kanta, bata da kyau ba, tafi hannunka sauri ma nesa ba kusa ba, sai don ba sauri muka zo nema ba.

Ga kuma wadda in na faɗa mutane ke kallona kamar na zautu, Ford Focus ta farko, ta 1998. E, ita dai, wadda ake ajiyewa a bakin hanya ko kulle ta ba'a damu da yi ba. A lokacin yawancin motocin ajinta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya biyu saboda rage kuɗi, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji. Ford suka kashe kuɗi suka ba kowace tayar baya 'yancinta, kuma babban injiniyansu Richard Parry-Jones mutum ne da ya yi imani cewa a mita 50 na farko ake gane mota, daga nauyin kuloci, da yadda birki ke kamawa, da yadda sitiyari ke amsawa tun kana fita daga inda aka ajiye ta. Ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1999. Ka samu mai lita 1.6 ko 1.8 wadda shokozobanta basu mutu ba ka shiga kwana da ita, sannan ka shiga wannan kwanar da wata doguwar jif ta zamani da ta ninka ta kuɗi sau ashirin, zaka dawo ka bani labari. Ɗan hakin da ka raina kenan. Ita ce hujjata mafi ƙarfi cewa tambarin da ke gaban mota ba shi ke tuƙi ba.

Honda kuma nasu haukan daban ne, a inji yake. A 1989 suka fito da injin B16A, lita 1.6 babu turbo babu komai amma doki 160, wato kowace lita doki 100, abin da a lokacin sai motocin masu hannu da shuni. Dabarar injin, wadda suke kira VTEC, ba wata tsafi bace: sandar da ke buɗe bawul tana da ƙusumbi iri biyu, ƙarami na tafiyar yau da kullum mai tsimin mai, da babba. Idan juyin inji ya yi sama sai matsin baƙin mai ya tura wani ɗan fil ya kulle su tare, bawul ya koma bin babban ƙusumbin, ya buɗe sosai ya daɗe a buɗe. A kunne kuwa kamar an sauya maka inji kana cikin tafiya, wajen 6,000 murya ta canza ta koma ƙara mai kaifi, allura ta ruga zuwa 8,000. Civic Type R ta 2001, wadda aka ƙera a Swindon ta Ingila, doki 200, giya shida, sandar giyar a jikin dashbod take dab da sitiyari, da farko zaka ce wannan wane irin shirme ne kamar motar ɗaukar kaya, bayan minti goma ka fara tambayar me yasa sauran basa yin haka. Sai dai fa a ƙasan 4,000 Civic ce kawai kamar ta kowa, wanda ya saba da turbo zai ce bata da ƙarfi. Tana da shi, sai ka yi aiki kafin ta baka, kuma nan ne daɗin yake.

Irin wannan ƙorafin aka yi wa Toyota GT86 da 'yar uwarta Subaru BRZ da suka fito a 2012, doki 200 kacal, kowa na cewa a sa mata turbo mana. Abin da ya burge ni da ita shine tayoyin da aka sa mata daga kamfani irin na Prius ne, siraran tayoyin tsimin mai, da gangan, don kar ta riƙe ƙasa da yawa, don direba ya iya jin iyakarta a gudun da ba zai kashe shi ba. Kamfanin da zai iya sa mata faffaɗan taya ya samu lambobin talla masu kyau amma ya ƙi, ni kam na sara masa.

Yanzu bari in tsaya in yi maganar kalmar nan araha, don anan ake yaudarar mutane kuma nima an taɓa yi min, ko in ce na yi wa kaina. Shekarun baya na ga wata babbar motar alfarma, tsohuwa, kujerun fata, katako a dashbod, komai na lantarki, a farashin da bai kai na ƙaramar mota ba. Na ce yau Allah ya kashe ya bani. Sati uku ina yawo ina jin kaina, ranar nan na fito da safe na tarar ta gurfana a gaba kamar raƙumi, hancinta na shinshinar ƙasa, ashe ba sifirin take da shi ba, jakunkunan iska ne, ɗaya ta fashe kuma famfon da ke hura su ya ƙone garin ƙoƙarin cikawa. Bakanike ya zagaya ta sau biyu yana goge hannu da tsumma, yace "yallaɓai, ai ita irin wannan kuɗin sayenta ne kawai yake sauka, kayanta suna nan a farashin ranar da aka ƙera ta". Ban ce komai ba don gaskiya ya faɗa. Na gyara, wata biyu wani abu ya sake tashi, daga ƙarshe na rabu da ita da asara ina godiya. Tun ranar na daina auna araha da kuɗin saye. Tambayata yanzu ita ce nawa zata ci a shekara, kayan gyaranta suna samuwa, kuma bakanike na gari zai iya buɗe ta ba sai an nemo kwamfuta ta musamman ba. Shi yasa duk da ana samun tsohuwar Porsche Boxster ta 1996 a farashi mai jan hankali, kuma tuƙinta babu magana, ba zan sa ta a sahun nan ba. Wannan ta aro ce, ka roƙi mai ita ya baka zagaye ɗaya ka mayar masa da abarsa ka yi godiya.

BMW mai lamba 3 tana tsakiya, ƙafa ɗaya a araha ɗaya a waje. Amma ba zan iya tsallake ta ba saboda injin nan mai silinda shida a jere. Shida a layi ɗaya suna kashe girgizar juna da kansu, shi yasa in ka tada shi zaka ji wani irin laushi, in ka ja shi kuma ƙarar na hawa sumul babu gargada. Samfurinta da ake kira E46, wadda ta fara a 1998, musamman 330i mai doki 231 da giyar hannu, a wajena tana cikin motocin da aka fi daidaitawa a tarihi, girmanta daidai, kana ganin kusurwoyinta duka, sitiyarinta na mai ne ba na lantarki ba saboda haka yana da nauyi yana da magana. Halinta kuma sananne ne ba ɓoyayye ba: kayan sanyaya injin da yawa roba ne, tankin ruwa da bakin lagireto da sauransu, in sun tsufa sai su fashe babu sallama, injin kuma baya yafe zafi. Akwai kuma tsagewar ƙarfen ƙasa inda aka ɗaure ƙafafun baya. Wanda ya san haka ya sauya kayan ruwan gaba ɗaya ranar da ya saya, ya leƙa ƙasanta da tocila, zai ji daɗinta shekaru. Wanda ya saya don a ganshi a ciki, ya bar baƙin mai sai ya tuna, to kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa.

Kar kuma a ɗauka duk maganar kwana da ihun inji ce. Akwai darasin da sai Marsandi W124 zata koya maka, wadda ake cewa V-boot, zanen Bruno Sacco, ta tsakiyar shekarun 1980. Ba gudu zaka je yi ba. Ka rufe ƙofarta kawai ka saurara. Ka kunna abin share gilashi kaga sanda ɗaya tal tana miƙewa tana kaiwa kusurwa tana dawowa, wani ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan wannan kaɗai. Totur ɗinta mai nauyi ne da doguwar tafiya, ba ta son gaggawa, in ka hau doguwar hanya sai kaji kamar motar ta ƙara zama a ƙasa. Direbobin tasi a Jamus sun yi ta tara mata kilomita dubu ɗaruruwa. Lexus LS400 ta 1989 ita ce amsar da Toyota ta bayar, V8 lita 4.0, wadda a tallarta aka jera kofunan gilashi a kan bonet aka ja inji basu faɗo ba. In ka zauna a ciki sai ka kalli allura kafin ka yarda injin a kunne yake. Mai son mota da bai taɓa jin irin wannan shirun ba akwai abin da ya rage masa, ko da kuwa shan manta zai sa ya mayar da ita bayan wata ɗaya.

Ni a Volkswagen Beetle na koyi tuƙi, ta kawuna, mai doki 34, injin a baya, iska ke sanyaya shi babu lagireto babu ruwa. Babu abin da ke taimakonka a cikinta, sitiyari ƙarfinka ne, birki ƙarfinka ne, fedojin ma daga ƙasa suka tsiro. Ya kai ni wani ɗan hawa ya ce in tsaya in tashi ba tare da na ja hambirki ba. Ta mutu, na tada, ta mutu, ta fara silalewa baya, gumi ya jiƙa min riga. Shi ko a jikinsa, ya jingina da ƙofa yace "ɗana, daina kallon ƙafarka, saurari motar, in kuloci ya kama muryarta zata sauka, a nan zaka riƙe". Na ce "Kawu bana jin komai", yace "to sake". A karo na bakwai ko na takwas naji ta, ƙarar ta ɗan nutse, bayan motar ya ɗan tsuguna, na saki birki ta tsaya cak a kan kuloci kamar an ɗaure ta. Duk motar da na tuƙa bayan nan da wannan kunnen nake tuƙa ta. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, saboda haka samun wadda zaka ɗana ba zai gagara ba. Ba zan ce ka saye ta ka riƙa zuwa aiki ba, amma ka tuƙa ta sau ɗaya kaga yawan aikin da motar zamani take yi maka a ɓoye kana ɗauka gwanintarka ce.

Akwai magana mai nauyi da masu sukar wannan ra'ayin suke yi kuma ba zan kauce mata ba: tsofaffin motocin nan basu kai na yanzu kariya ba, ko kusa. Gaskiya ne. Na'urar nan da ke kama mota in ta fara zamewa, sai daga samfurin 2012 ta zama dole a Amurka, a Tarayyar Turai kuma sai Nuwamban 2014 ta hau kan kowace sabuwar mota. MX-5 ta farko bata da ita, Beetle kuwa ba'a ma maganarta. Peugeot 205 GTI ta 1984 da ake ta yabo, an san ta da halin nan na in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana sai baya ya nemi wuce gaba, ta jefa mutane da dama a daji. Nauyin da nake ta zagi a motocin zamani, wani ɓangarensa ƙarfen da zai ceci ranka ne da jakunkunan iska. Don haka ni ban ce kowa ya zubar da motarsa ya kwashi iyali a motar 1989 ba. Kuma wanda zai je ya gwada iyakar mota a titin da mutane ke tsallakawa, wannan ba son mota ke damunsa ba, rashin hankali ne, akwai filin da babu kowa, akwai wuraren da aka tanada don haka. Abin da zan ƙara kawai shine direban da ya taɓa jin yadda taya ke sakin ƙasa a gudun 40 a fili, ranar da ruwan sama ya kama shi a babbar hanya jikinsa ya san abin yi, wanda kuma duk rayuwarsa kwamfuta ke gyara masa kuskure bai ma san yana yi ba.

Abin da yasa nake ganin maganar ta gaggawa ce, ƙofar tana rufewa muna kallo. Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023, da ita da ST ɗinta, samfurinta mai ƙarin ƙarfi, da ke cikin ƙananan motoci mafi daɗi na zamanin nan. Golf GTI da kanta, motar da kan giyarta ya zama tambari, daga gyaran fuskar da aka yi mata a 2024 babu mai giyar hannu kuma. Sitiyarin mai ya riga ya tafi, na lantarki ya maye gurbinsa saboda tsimin fetur, yawancinsu kuma shiru suke kamar kana murɗa abin wasan yara. Motocin lantarki suna da fizga ta ban tsoro, na yarda, na ɗana kuma na ji cikina ya juya, amma da yawansu sun doshi tan biyu, kuma fizgar nan in ka yi ta sau biyar ta zama jiki, babu abin da zaka ƙara koya. Su kuma tsofaffin da suka rage, duk wadda aka gane daɗinta sai masu kuɗi su yi mata rubdugu. Toyota AE86 motar ɗalibai ce a da, haka 205 GTI, haka BMW E30, Honda S2000 ma ta bi sahu, yanzu duk sun koma kayan ajiya ana rufe su da mayafi ana goge su ranar hutu, abin da ni a wajena wulaƙanci ne ga motar da aka ƙera don a ja ta.

Kuma ba dole sai ka mallaka ba, wannan ma wani kuskuren ne. Rabin motocin da na ambata ban taɓa sayensu ba, aro ne da musaya, ka bani taka in baka tawa mu zagaya mu dawo. Masu irin waɗannan motocin yawanci neman wanda zai saurare su suke, ka tambayi mutum yaya giyarta take kaga ya miƙo maka makulli yana maka bayanin da baka tambaya ba. Ka dai zuba masa mai, kar ka ja inji yana sanyi, kar kuma ka jingina ƙafa a kan kuloci.

Wadda har yau take raina ban samu ba ita ce Citroën 2CV. An nuna ta a Paris a 1948 da doki 9, tara fa, kuma sharaɗin da aka ba masu zanenta shine manomi ya iya ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai a ciki ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Aka yi ta ƙera ta har 1990. Sandar giyarta daga dashbod take fitowa kamar mariƙin lema, turawa ake da ja da murɗawa, in ta shiga kwana kuma tana kwantawa gefe kamar zata kife amma tayoyin na nan liƙe da ƙasa. Na taɓa ganin wata a ajiye, na tsaya na danna gefenta da hannu ɗaya, motar gaba ɗaya ta yi lilo kamar kwale-kwale ta daɗe bata tsaya ba. Na jira mai ita kusan minti arba'in bai fito ba, na rubuta lambata a takarda na maƙale masa a gilashi, har yau dai shiru.